Ajin Laraba na Si Shadli

A Bir Salha, mai shagon tayoyin bakin tasha tsohuwa ce 'yar shekara tamanin da bakwai, wadda idonta ya rufe tun kafin a haifi jikan da ke ɗaure tayoyin. Gidan burodin kasuwa kuma na wata tsohuwa ne da sai an ɗaga ta take zama. A takarda ke nan. Mai aski, mai gyaran waya, mai wankin mota, duk wanda ka duba lasisinsa sunan kakarsa za ka gani, kuma ba wanda ke jin kunyar haka, saboda Jeri.

Kamfanin simintin da ke bayan dutse shi kaɗai ke biyan albashin da za a yi aure da shi a garinmu, kuma ba ya ɗaukar ma'aikata sai ta Jeri. Suna ɗaya kowane gida ke sawa. Duk shekarar da mai sunan ya yi ba aiki, a ƙara masa maki. In aikin kamfanin ne ya yi ajalin ubansa, a ƙara masa wasu. Ranar da wata takarda ta nuna yana da sana'a, an soke shi, makin ya bi ruwa. Wanda ya haura shekara talatin da biyar shi ma an soke shi. Jerin kuwa ba shi da rana. Yakan yi shekara takwas, yakan yi goma, kafin a manna shi a bangon ofishin gunduma.

Mutum ɗaya na sani a garin nan da sunansa ke jikin allon shagonsa da jan fenti: Shadli Bin Garsalla, mai walda da tagogi, wanda ake kira Si Shadli, wato Malam Shadli. Ubansa mai fasa dutse ne a kamfanin. Shi ma an sa sunansa yana ɗan shekara goma sha takwas, ya yi shekara huɗu yana ɗumama kujera a gidan gahawa, ran nan zuciya ta ɗebe shi ya hau motar birnin Safakis da riga biyu a leda. Shekara tara ya yi can yana ƙona ido da wutar walda. Ya dawo da injinsa da wata tsohuwar a-kori-kura, ya je ofis da ƙafarsa ya yi rajista da sunansa. Mutane suka ce rana ta taɓa masa kai a Safakis. Amma shago ya tsaya, don ko mai jiran Jeri yana bukatar ƙofa. Ya auri Jalila 'yar mai niƙa, Allah bai ba su haihuwa ba, shi ya sa in 'ya'yan mutane suka tsaya kallon tartsatsin wuta ba ya iya korar su.

Ni lissafi nake koyarwa a sakandaren garin, sunana Rauda, kuma a ajina abin ya faro. Wata shekara wata ƙungiya ta zo daga Tunis, babban birninmu, tare da mutanen wani banki, da kwalaye na littattafai masu sheƙi da huluna masu tambari. Suka ce suna neman 'yan kasuwar gari su ba da ranar Laraba da yamma kyauta, su koya wa yara yadda ake tattala kuɗi, da neman aiki, da kafa kamfani. Sharaɗinsu ɗaya, mai koyarwar ya nuna takardar sana'arsa. Shugaban makaranta ya zagaye kasuwa kwana biyu. Da dokar tasu za a bi tsaf, da makauniyar mai tayoyi za a ɗauko. Shadli kaɗai ya rage, ya zo da riga mai guga da ƙunar walda a bayan hannu, yana murna kamar an ba shi amarya.

Na ji haushi da farko, ba zan ɓoye ba, don awata ta ƙarin darasi aka yanka masa, kuma dole in zauna a baya in tsare aji. Amma mutumin ya iya yara. Ba ya bin littafin sosai. Yakan zo da guntun ƙarfe ya ce su faɗi nawa zai sayar da taga in an cire wuta da fenti da shayin da mai saye zai sha yana ciniki. Abin da ya fi so shi ne gwajin ganawar ɗaukar aiki. Ya zauna a teburina, ya ɗaure fuska, ya zama manaja.

Ran nan ya ce, "Lutfi, taso. Ƙwanƙwasa ƙofa tukuna, ba ɗakin uwarka za ka shiga ba."

Lutfi ɗan mahauci, wanda bai taɓa zuwa aji da biro ba, ya ƙwanƙwasa benci ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Sauke ƙafar nan. Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?"

"A gidan gahawar Hammadi, Si Shadli. Teburin gefen taga."

"Nan da goma fa, ɗan nema?"

"In Allah ya karɓi ran Baba Salah, ni zan gaji kujerarsa mai hannu. Na riga na kama layi."

Aji ya kwashe da dariya, shi ma Shadli sai da ya dara, ya jefe shi da alli. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Widad. Ta ɗaga hannu ta ce ita a gwada ta. Ta fita waje ta ƙwanƙwasa ƙofar gaske, ta shigo ta yi sallama, ta amsa tambayoyi bakwai ba inda ta yi tuntuɓe. Na ga idon Shadli ya kawo ruwa, ya fake da neman hankici.

Uban Widad ciwon ƙirji ne ya kashe shi bayan shekara ashirin a ɗakin cika buhu. Ya bar uwarsu Mabruka da 'ya'ya mata biyu, Widad da ƙanwarta Sundus da ke goye a lokacin. Tun ranar da Widad ta cika goma sha takwas sunanta ke kan Jeri, da makin ubanta a kai. Kowa ya san in Jeri ya fito, ko mutum talatin za a ɗauka tana ciki. Abin da marigayin ya bar musu ke nan, ba gona, ba shago.

A shekararta ta ƙarshe, ƙungiyar ta ce kowane aji ya kafa ɗan kamfani a je gasa. Widad ce ta kawo shawarar buhunan siminti da iska ke maƙalewa a kowane shinge na garin: a tsince su, a wanke, a yi musu shafi da atamfa mai arha, a ɗinka jakar hannu. Suka tafi Tunis a bayan motar Shadli, suka dawo da kofin gasar. Mutanen birni sun mutu a kan jakar nan. Kyautar ita ce keken ɗinki na masana'anta da ɗan jari daga banki, da sharaɗin a mai da kamfanin na gaske, a yi masa rajista da sunan matashin da ya jagorance shi.

Ina shagon Shadli na je karɓar tagar kicin ɗina ranar da Mabruka ta zo. Ba ta ko zauna ba.

Ta ce, "Si Shadli, a sa sunana mana. Ko na uwar mijina, tana nan da ranta, yatsanta na dangwala takarda lafiya lau."

Ya ce, "Lalla Mabruka, takardar banki cewa ta yi matashi. Uwar mijinki shekararta nawa?"

"To su riƙe kekensu. Mun gode."

"Haba! Yaushe rabon da a manna Jerin nan? 'Yarki ta fi ƙarfin zaman jira, wallahi ta fi ni ƙwaƙwalwa sau goma. So kike ta tsufa a bakin taga tana sauraron jita-jita? Dube ni. Na mutu ne da na cire sunana?"

"Kai namiji ne, kuma kowa na son ƙofa. Wa zai sayi buhun da zai tsinta a shinge?"

"Tunis za ta saya. Turai ma za ta saya. Nan da shekara biyar ita za ta riƙa ɗaukar mutane aiki. In ƙarya nake ki zo ki tofa min yawu a gaban shagon nan."

Mabruka ta juyo ta dube ni, ta ce, "Malama, ke mai ilimi ce, me kika gani?" Ni kuwa na ce yarinyar tana da basira. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na san abin da take tambayata, na kauce, don ni ma kofin nan ya ɗan hau min kai. Har yau in na tuna sai in ji na tsani bakina.

Shadli da kansa ya kai Widad ofis a motarsa. Ta sa hannu da biron da ya saya mata. Ma'aikacin ma sai da ya ɗago ya ce, "'Yar marigayi Ammar ce ko? Kun san abin da kuke yi kuwa?" Shadli ya ce masa ya buga hatimi ya daina wa'azi.

Shekara ɗaya da rabi abin ya yi kyau. Ƙungiyar na sayen jaka duk lokacin da za ta yi taro, banki ya raba wa manyansa a ƙarshen shekara, Widad ta ɗauki 'yan ajinsu biyu. Daga nan banki ya sauya shugaba, sabon ya ce yanzu ta waya za a riƙa koyar da matasa, kuma garuruwan bakin teku za a fi mai da hankali. Oda ta tsaya cak. Widad ta kai jaka kasuwar Lahadi, mata suka juya ta suna dariya, wata ta ce ko kyauta aka ba ta ba za ta rataya abin da ya kashe mijinta a kafaɗa ba. Wani mai shago a Tunis ya karɓi ɗari, ya dawo da tamanin. A shekara ta uku aka lulluɓe keken da zane. Ta je ta soke rajista, aka mayar da sunanta kan Jeri a can ƙasa, ba makin shekaru, ba na uba, don an ce na uba sau ɗaya ake ba gida.

Littattafai suka daina zuwa, amma Shadli bai daina ba. Ya riƙa kai tsofaffin wurin mai hoton takardu da kuɗinsa. Duk Laraba ya rufe shago ƙarfe biyu, ya wanke hannu da omo, ya zo. In ya haɗu da Widad a hanya sai ya tsaya ya zayyana mata sabuwar dabara: a gwada jakar makaranta, a rubuta wa otal-otal. Ita kuwa ta ce, "To, Baffa," ta wuce. Tana wankin kwanuka a gidajen biki lokacin, ba takarda.

Jeri ya fito Widad na da shekara ashirin da bakwai. Da hantsi aka manna shi, mutum ɗari da arba'in. Garin ya rikice da guɗa da harbin bindiga, wasu gidajen kuma kuka. Lutfi ne na goma sha tara. Shekara takwas cur ya yi a teburin gefen taga bai taɓa barin alƙalami ya kusanci sunansa ba, ga shi ya ci. Ubansa ya yanka raguna biyu aka yi kuskus har unguwa uku. Widad ta karanta takardun Jerin guda bakwai daga sama har ƙasa, ta sake karantawa, ba sunanta, ta koma gida. Wata da ke zaune bayanta a aji, wadda ita ma ubanta a ɗakin cika buhu ya kamu, ita ce ta huɗu.

Lutfi, don ba shi da mugunta, ya kawo wa Shadli kwanon kuskus da hannunsa. Ya ce, "Si Shadli, ka ga ban ƙwanƙwasa ƙofa ba ta buɗe." Wasa yake yi. Shadli ya karɓi kwanon ya ajiye a kan injin walda, Jalila ta ce da yamma ƙudaje ne suka ci.

Ya je ofishin gunduma sau biyar. Suka ce doka ce, kuma gaskiyarsu, ba wanda ya ɓoye mana ita. Da hutu ya zo ya roƙe ni in raka shi Tunis wurin ƙungiyar, wai ni na fi shi iya magana. Muka hau motar haya awa shida. Ofishinsu ya koma wani bene mai gilashi, kuma ba fuska ɗaya da muka sani. Abin da ya fara tarbar mu a bango shi ne hoton Widad, ya fi ƙofa tsawo, tana 'yar shekara goma sha tara, ta rungume jakar buhu tana dariya. Wata yarinya mai fara'a, Durra, ta sauko ta same mu.

Shadli ya nuna hoton ya ce, "'Yata, wannan ɗalibata ce. Wasiƙa nake so ku rubuta, ku ce rajistar nan ta gasa ce, ta makaranta, a mayar mata da makinta."

Durra ta ce, "Kai ne malaminta? Kai, Allah mai iko! Duk taron da muka yi sai mun ba da labarinta. Kamfanin yana nan dai ko?"

Na ce, "Keken na nan. An ɗora masa tukwane."

Ta shiga ciki, ta daɗe. Da ta fito ta ce lauyansu ya ce rajistar ta gaske ce, ba za su iya rubuta cewa ba ta gaske ba ce. Ta ba mu haƙuri har idonta ya yi ja, ba na ganin laifinta. Sai kuma ta ce ta duba ta ga Shadli ya haura shekara goma yana sa kai, akwai lambar yabo da ake bayarwa. Suka kawo wani katako mai rubutun zinariya, suka tsayar da shi a ƙarƙashin hoton Widad, suka ɗauke shi. Ya tsaya musu kuwa, don Shadli ba ya iya cewa a'a ga mai fara'a. Ni ce na fita waje don kar in yi abin da za a kira min 'yan sanda. A hanyar dawowa, wajen rabin tafiya, ya ce, "Malama, in za a sake mannawa nan da shekara takwas, Widad shekararta nawa?" Na ce masa ya fi ni sani. Ko takwas ɗin aka yi, da wane maki?

Mabruka ba ta zo ta tofa masa yawu ba. Da ta zo da ya fi masa sauƙi. In ta hango shi sai ta tsallaka titi, shi ke nan. Abin da ta yi shi ne, ta je ofis ta nemi a cire sunan Widad, a ajiye gurbin gidan ga Sundus in ta cika goma sha takwas, ko shekarun jira sa taru mata tun da wuri.

Da aka koma makaranta na ɗauka ba zai zo ba. Iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu ajin Laraba, yara tara kacal suka rubuta suna. Na duba takardar na ga ta farko Sundus Ammar, da rubutunta mai kyau irin na yayarta. Ita ce ta ɗaya a lissafi a duk makarantar, kuma taurin kanta ya fi na Widad. Uwar ta yi faɗa, ta yi kuka, yarinya ta ce ba inda aka rubuta haramun ne.

Laraba ta farko, ƙarfe biyu da rabi, na fito bakin ƙofar makaranta na tarar da Widad tsaye a inuwar katanga, hannuwanta sun yi fari da sabulun wanki. Shadli ya fito daga mota da ledar takardunsa, ya gan ta, ya tsaya kamar an dasa shi. Tun fitowar Jeri ba su yi magana ba.

Ta ce, "Baffa, ina wuni. Ya Inna Jalila?"

Ya ce, "Widad, 'yata, ni dai ki..."

"Ba wannan ya kawo ni ba, Baffa. Ni na sa hannu, ba ka kama min yatsa ba. Alfarma nake nema."

"Faɗi. Ko mene ne."

"Sundus na ajinka. Mun hana ta ta ƙi. In ka kore ta, gobe za ta zo shagonka, na san halinta, kai ma na san naka. Ka bar ta ta zauna. Amma in ta ɗaga hannu, kar ka gan ta. Kar ka ce ta iya. Ko sau ɗaya ka ce mata ta iya, mun rasa ta, kuma ita kaɗai ta rage mana."

Ta ce, "Ka yi min alkawari." Ya gyaɗa kai. Ta ce a gai da gida, ta tafi, don akwai biki a unguwar gabas kuma tukwane na jiran ta.

Muka shiga aji. Na zauna a bencina na baya. Shadli ya zaro guntun ƙarfe daga leda kamar kowace shekara, ya ɗora a tebur, ya ce wa zai faɗa masa nawa ya kamata ya sayar da taga in an cire wuta da fenti da shayin mai ciniki. Kafin ya rufe baki hannun Sundus na sama. Ina hango takardarta daga inda nake, ta riga ta fitar da amsar, har ta ƙara kuɗin man mota da shi bai ambata ba.

Ya kira wani yaro a gefe, yaron ya yi shirme. Ya kira wata, ta ce ba ta sani ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har takwas. Sundus ta tallafe gwiwar hannunta da ɗaya hannun don ya gaji, tana cewa, "Si Shadli, ni! Si Shadli!" Ya juya ga allo ya ɗauki alli, ya ce tun da ba wanda ya sani, bari ya yi musu da kansa. Ya daɗe yana rubutu da bayansa gare mu, allin na karyewa yana ɗaukar wani. Sai da ya kai layi na uku ta sauke hannun.